Jan Suna a Tudun Kobura

A ƙauyen Kobura da ke kan wani ɗan tsibiri, idan miji ya riga matarsa, sunayensu biyu ake sassaƙawa a dutsen kabari ɗaya. Nasa a bar shi baƙi, nata a cika shi da jan fenti, don mai wucewa ya san mai wannan suna tana nan da ranta tana dafa shinkafarta, wuri ne kawai aka kama mata. Ranar da ta bi shi sai a kankare jan. Sunan Iya Tsuyako ya daɗe da jan fenti kusa da na mijinta Genzo, har fentin ya fara ɓamɓarewa, kuma ko a mafarki ba ta taɓa kawo wa ranta za ta kwanta a wani wuri ba.

Sai ga ɗanta Norihiko ya sauko daga jirgin fito ana saura 'yan kwanaki bikin dawowar matattu, da kwalin alewa a hannu da magana a baki. Tun daga yadda ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa ta san da walakin. Yaron da bai taɓa jera takalmi ba tun yana rarrafe!

"Inna, ki bari in kai aya kafin ki yi faɗa."

"Ina jin ka. Kunnena ne kaɗai bai tsufa ba."

Ya ce a birni akwai wani gini mai tsabta kusa da gidansa, inda ake ajiye tulunan ƙasusuwa. Babu hawan tudun maƙabarta, babu cire ciyawa. Ka je, ka danna maɓalli, a kawo maka naka har gabanka, ka kunna turare, ka tafi.

"Af! Wato in kai ubanka inda za a danna shi ya faɗo kamar kwalbar lemo?"

"Haba Inna."

"Haba me? Mutumin da ko taga bai yarda a rufe ba, don kada ya daina jin teku?"

Norihiko bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza idanu, sai ta ga furfura ta cinye masa kai, ta ga hannunsa ya zama hannun tsoho. Ya ce, "Na haura sittin, Inna. Ba ni da ɗa, ba ni da jika. Ranar da gwiwata ta ƙi hawa tudun nan, wa zai ba ku ruwa? Shekara kaɗan za a yi a kwashe dutsenku a kai tsibi. In kuna kusa da ni, ko da sanda zan zo."

Tsibin nan kowa a Kobura ya san shi: can a kusurwar maƙabarta, inda ake tara duwatsun waɗanda ba su da kowa, a jingina wannan a kan wancan, sunan wani ya rufe na wani. Iya Tsuyako ba ta tsoron mutuwa ko kaɗan, amma tsibin nan tana tsoron sa, har takan kau da kai idan za ta wuce. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Norihiko ya ɗauki shirun a matsayin amsa, ya aika wa mai sassaƙa ya zo bayan biki ya ɗaga dutsen. Ranar ba ta ci abincin rana ba, kuma ta tsani alewar da ya kawo.

Washegari ta ɗauki bokiti da ludayi ta hau tudu kamar kullum. A can ta tarar da wata mata mai faffaɗar hula, durƙushe a gaban duwatsun layin ƙasa, tana haki. Ita ce Malama Kashiwagi, wadda ƙaramar hukuma ta turo ta kwafe rubutun duwatsun kafin mutanen tsibirin su ƙare. Haka ta faɗa, sannan ta ji nauyin abin da ta faɗa, ta yi ta ba da haƙuri.

"Bar ba da haƙuri," in ji Iya Tsuyako. "Ƙarewa muke yi, ai ba zagi ba ne. Matsa min in ba Kaka Babba ruwa."

Kaka Babba wani guntun dutse ne da bai kai gwiwa ba, baƙi, gansakuka ta lulluɓe shi, iskar gishiri ta suɗe fuskarsa har ba a ganin komai. Ranar da aka kawo Tsuyako gidan Isozaki tana amarya, surukarta ta ja ta har nan ta ce, "Wannan ake fara ba ruwa, kafin kowa." Ba ta ƙara ko kalma ba, ita kuwa amarya wa ya ba ta bakin tambaya? Kowane tsohon gida a Kobura yana da nasa Kaka Babban a wannan layi da ke fuskantar teku, kuma kowa ya ɗauka shi ne tushen gidansu. Tun tana da baƙin gashi take rusuna masa, tana kai masa ƙarar Genzo idan ya sha ya yi yawa, har ranar da aka haifi Norihiko shi ta fara gaya wa.

"Iya, kin yarda in ɗauki rubutunsa?"

"Wane rubutu? Ai babu komai a jikinsa."

"Ido ne ba ya gani. Takarda tana gani."

Iya Tsuyako ta taɓe baki ta zauna a kan bokitinta. Can sama da su kaɗan, wata mata tana cire ciyawa tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Marites ce, wadda marigayi Tomekichi na gidan Nabeta ya auro daga Filifin tun Norihiko yana saurayi. Ta haifi 'ya a Kobura, ta aurar da ita a Kobura, tana aiki a rumfar busar da kifi har hannunta ya fi na 'yan gari kaushi, amma Iya Tsuyako ba ta taɓa kiran ta da suna ba. Matar Tomekichi, shi ke nan. Ranar jana'izar Tomekichi ma, da aka cika sunan Marites da ja a dutsensa, Iya Tsuyako ce ta ce a gaban mata, "Asarar fenti. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa za ta koma garinsu." Ta faɗa da ƙarfi kuwa, don ita ba ta iya raɗa ba.

Malama Kashiwagi ta goge gansakukar a hankali da burushi mai laushi. Ta shimfiɗa farar takarda a fuskar dutsen, ta yayyafa ruwa, ta bi ta da tsumma tana dannawa har takardar ta shige kowane ɗan rami. Sai ta jira ta sha iska. Sannan ta ɗauko wani ƙullin auduga, ta taɓa tawada, ta fara bubbugawa, taf, taf, taf.

Da farko baƙi ne kawai yake yaɗuwa. Can sai wani farin layi ya bayyana a tsakiyar baƙin, sai wani ya gitta shi, sai ga harafi cikakke ya fito, kamar fuskar mutum tana tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Iya Tsuyako ba ta san lokacin da ta tashi daga kan bokiti ba. Gyare suna ta kuka a cikin itatuwa, amma ita ta daina jin su. Dutsen da ta sani bebe tun tana amarya, ga shi yana magana a gabanta, tsigar jikinta ta tashi har wuya.

"Karanta mini. Idona ba ya kama irin rubutun mutanen da."

Malama Kashiwagi ta matsa kusa, ta bi da yatsa ba tare da ta taɓa ba. "Shekarar da ke nan ta haura ɗari uku. Amma babu suna, Iya."

"Kamar yaya babu suna?"

"Cewa aka yi, Namiji, wanda teku ya kawo. A wata na tara, bayan guguwa."

"Sake dubawa."

Ta sake, abin bai canja ba. Suka zaga bayan dutsen, aka manna wata takardar, aka bubbuga. Layi biyu ne suka fito, kuma ko makaho ya shafa ya san ba hannu ɗaya ya sassaƙa su ba. Na farko ya ce gidan Urabe suka tsince shi a bakin ruwa, su suka binne shi, su za su riƙa ba shi ruwa. Na biyu ya ce gidan Urabe ya ƙare, gidan Isozaki ya karɓa.

Tabɗi! Iya Tsuyako ta yi jifa da ludayi. "Wato duk shekarun nan baƙo nake durƙusa wa? Na gaya masa asirin gidana kaf, ashe ko harshenmu ba lalle ya ji ba! Kuma ba mu muka tsince shi ba ma, gadonsa muka yi kamar tsohuwar tukunya!"

Daga sama aka ji dariya ta kuɓuce. Marites ce, ta toshe baki da bayan hannu.

"Ke matar Tomekichi, me ya ba ki dariya?"

"Ba komai, Iya. Na ga dai raɓar nan ta daɗe ba ta bushe ba."

Maganar ta shiga, don Iya Tsuyako ta gane sarai inda aka dosa. Ta buɗe baki za ta rama, sai Malama Kashiwagi ta ce, da wata irin murya, "Iya, na gaba na wane gida ne?"

Haka suka bi layin nan har rana ta take. Iya Tsuyako tana faɗin gida, Malama Kashiwagi tana mannawa tana bubbugawa, Marites ta sauko ba wanda ya kira ta, tana riƙe gefen takarda kada iska ta ɗauke. Norihiko ya hauro da dunƙulen shinkafa da gasasshen kifi yana mitar uwarsa za ta faɗi a rana, ya ga abin da ake yi, ya ajiye ƙunshin a kan ciyawa ya manta da shi.

Babu Kaka Babba ko ɗaya da yake kakan kowa. Wannan namiji ne mai tufafin da ba a san irinsu ba. Wancan mace ce, da jariri ɗaure a ƙirjinta, an binne su tare ba a kwance ɗaurin ba. Ga tsoho mai zane a damtse. Ga wasu biyu da aka samu igiya ɗaya ta haɗa kugunsu. Ga wanda aka rubuta masa kawai, Ba a gane namiji ne ko mace ba, amma mutum ne. Da Malama Kashiwagi ta karanta wannan sai ta cire hula ta riƙe a hannu.

Kuma waɗannan su ne mafi tsufa a tudun gaba ɗaya. Duk dutsen da ke da sunan ɗan gari daga baya ya zo, ya kwanta a sama da su, layi bayan layi har ƙolin tudu. Ashe mutanen Kobura ba don kansu suka fara sare dajin nan ba. Baƙin da teku ya yar musu a bakin ƙofa suka fara yi wa makwanci, suka ba su wurin da ya fi kowane kallon ruwa, ko wani zai hango hanyar garinsu, sannan su da 'ya'yansu suka biyo baya suka kwanta a bayansu.

Iya Tsuyako ta juya ta dubi tudun. Ta san shi kamar tafin hannunta, amma yau sai ta ga kamar ba ta taɓa ganin sa ba. Takardun da aka ɗauka suna shanye a kan ciyawa, an danne su da tsakuwa, baƙaƙe da fararen haruffa, iska tana ɗaga gefensu. A ƙasa teku yana ta kai da kawowa yadda ya saba, shirwa tana shawagi. Wani tsoro mai daɗi ya kama ta, irin wanda ke kama mutum idan ya shiga wurin ibada shi kaɗai. Ta ji ta ƙanƙance, ta kuma ji ba ta taɓa zama cikin jama'a mai yawa haka ba. Fushinta ya tafi, ba ta ma san lokacin da ya tafi ba.

Bayan duwatsun kuwa ya fi gabansu magana. Gidan wane ya ƙare, gidan wane ya karɓa. Wani dutsen layi uku, wani huɗu, kowanne da hannun mai sassaƙa daban. Da suka hau layi na biyu da na uku, inda 'yan gari suke da sunayensu, nan ma haka: gida ya ƙare, maƙwabci ya karɓa. Har wani gidan Kuwano da Iya Tsuyako ta ji ana cewa sun yi shari'ar gona da kakannin Genzo, ga shi ƙiri-ƙiri gidan Isozaki ne ya karɓi matattunsu.

Norihiko ne ya yi tambayar. "To tsibin can fa? In haka ake yi, me ya tara su?"

"Na duba shi jiya," in ji Malama Kashiwagi. "Babu tsohon dutse ko ɗaya a ciki. Duk na bayan yaƙin duniya ne, lokacin da samari suka fara tafiya birni. Ina jin masu sanin abin ne suka mutu, gansakuka ta rufe sauran."

"Surukata ta sani," in ji Iya Tsuyako a hankali. "Ko ba ta san duka ba, ta san rabi. Matar nan magana tsada take yi mata."

Norihiko ya dubi uwarsa, ita ta dubi ƙasa. Kowa a wurin ya san abin da ya rage, kuma kowa ya san gidaje nawa ne a Kobura da har yanzu ake jin kukan yara a cikinsu. Ba su da yawa, kuma wanda ya fi kusa shi ne gidan Nabeta, inda jikokin Marites suke tsere a tsakar gida har su hana Iya Tsuyako barcin rana.

Kai, roƙo da wuya! Da a ce ta hau tudun nan sau goma da bokiti cike, da ya fi mata sauƙi. Ta gyara ɗankwali, ta kakkaɓe zanen da babu ƙura a jikinsa, ta yi gyaran murya har sau biyu. Marites kuwa ta sunkuya tana naɗe takarda kamar ba ta san ana yi ba.

"Marites."

Hannun matar ya tsaya. Ta ɗago. "Iya, ashe kin san sunana?"

"Na san shi tun ranar da kika sauko daga jirgi da jan takalmi mai tsini kina tuntuɓe. Kada ki ja mini rai, ni tsohuwa ce." Sai ta matso kusa da ita. "Gidan Isozaki zai ƙare. Daga ni sai wannan mai furfurar. Ina so in kwanta kusa da mijina, kuma ba na son tsibi. Akwai Genzo, akwai iyayensa, akwai mutanen Kuwano da ban ma san muna riƙe da su ba sai yau, ga kuma wancan baƙon. Kaya ne mai yawa, na sani. Kuma na faɗi magana a kanki ranar da bai kamata ba."

Ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, irin sunkuyon da ba ta taɓa yi wa kowa ba sai Kaka Babba.

Marites ta dubi layin ƙasa, ta dubi teku. Sannan ta ce, "Iya, lokacin sanyin bara da kika kwanta ciwon baya, wa kike tsammani yake cire wa Baba Genzo ciyawa?"

"Na ɗauka sanyi ne ya hana ta fitowa."

"Sanyi! Sanyin nan yana da hannu biyu da lauje." Ta share ido da gefen riga tana dariya. "Ni ma teku ne ya kawo ni, Iya, sai dai ni da ƙafata na sauka. Uwata tana kwance can garinmu, wata maƙwabciya ce take kunna mata kyandir, ni ban isa ba. Ɗago kanki, don girman Allah, kada bayan ya sake riƙewa in shiga uku. Na karɓa. 'Yata ma za ta karɓa, in ta ƙi in ja kunnenta."

Norihiko ya juya baya yana goge tabarau, ya daɗe yana goge su.

Bayan biki mai sassaƙa ya zo kamar yadda aka yi da shi, da igiyoyi da ƙarafan ɗaga dutse. Aka ce ya mayar da su jirgi, kurfi da guduma kawai ake so, a rubuta gidan Isozaki ya ƙare, gidan Nabeta ya karɓa. Ya yi ta ƙunƙuni, ya ce shi bai taɓa jin an sassaƙa wa gida ƙarewa mai gidan tana tsaye tana ba da umarni ba. Iya Tsuyako ta ce to yau ya ji, kuma ya zurfafa haruffan, kada wata baiwar Allah ta sake shan wahala da takarda. Ya fara da Kaka Babba, a ƙarƙashin layin Urabe da na Isozaki, sannan ya hau zuwa dutsen Genzo. Ƙarar gudumarsa tana sauka har bakin ruwa, tsofaffi suka fito ƙofar gida suna tambayar me ake yi a tudu. Kafin yamma biyu daga cikinsu sun hauro da sanda, sun tsaya a gaban tsibi suna nuna duwatsu suna gardamar wane ne maƙwabcin wane.

Da mai sassaƙa ya gama, Iya Tsuyako ta ɗebi ruwa ta fara zuba wa guntun baƙin dutsen, kafin kowa. "Ka ji asirina ka riƙe, ko ba ka gane ba," ta ce masa. "Na gode."

Sannan ta ciro ɗan gwangwanin jan fenti daga aljihu. Ta bi ta kan dutsen Tomekichi tukuna, ta durƙusa da kyar, ta cika sunan Marites harafi bayan harafi da hannunta. Da suka iso na Genzo sai ta miƙa wa ɗanta burushin.

Norihiko ya durƙusa a gaban sunan uwarsa. Jirginsa na safe ne, kuma shi kaɗai zai hau. Fentin ya ɗan zarce layi, ya sa babban yatsa ya goge.

"Cika shi sosai," in ji Iya Tsuyako daga bayansa. "Ban shirya ba tukuna."